A wajen bita a riƙa koya wa maniyyata kwanan Mina da Muzdalifa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan tamu in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina, na san wasu za su ga kamar ƙaramar magana ce wasu ma su yi dariya, to amma duk wanda ya taɓa kwana a ƙasa a filin Allah ta'ala ya san abin da nake nufi. Maganar barci ce.

Asabar ɗin da ta wuce na raka gwaggona wajen bita, bana Allah ya kira ta, 'ya'yanta ne suka yi karo-karo har da sayar da wata 'yar gona kafin kuɗin kujera ya cika, ka san a 2025 kujerar ta haura naira miliyan 8. Muka zauna tun ƙarfe tara har aka kira azahar. Malamai sun yi ƙoƙari wallahi ba zan ci haƙƙinsu ba, an koya niyya an koya talbiyya, an kafa ɗan akwatin katako an lulluɓe shi da baƙin yadi an zagaya shi sau bakwai, har yadda ake ɗaura bel da yadda ake shiga banɗakin jirgi sai da aka nuna. Amma har aka shafa fatiha ko mutum ɗaya bai ce uffan ba a kan yadda tsohuwar nan, wadda ta ba saba'in baya kuma rabonta da kwana a wajen ɗakinta tun bikin autarta, za ta yi dare huɗu ko biyar tsakanin tanti da fili. Lissafa ka gani, ranar 8 ga Zulhajji a kwana a Mina, ranar 9 a wuni a Arfa a kwana a Muzdalifa, ranar 10 da 11 a sake kwana a Mina, wanda bai yi gaggawar fita ba ya ƙara na 12. Kuma ba ita kaɗai ba, ita da mutum sama da miliyan 1.8 kamar yadda aka yi a 2024. Duk duniya babu zangon tantuna da ya kai wannan, tanti sama da 100,000 a kwari ɗaya, amma mu muna tura mutanenmu kamar za su sauka a gidan ɗan'uwa.

Ni dai ba malami ba ne ba likita ba, tsohon ɗan agaji ne kawai, na yi shekaru ina zuwa kamfin, mun kwana a filin firamare mun kwana a filin idi mun kwana a bakin kasuwa wajen wa'azi, sannan Allah ya nufe ni da zuwa Hajji sau biyu, 2008 da 2024. Ɗaya cikin sanyi ɗaya cikin zafi. To abin da na koya a kamfin ina yaro shi ya cece ni a duka biyun, kuma ba komai ba ne illa wannan: matsalar mai kwana a waje daga ƙasa take tasowa.

Kamfin ɗina na farko da hunturu aka yi shi, ina ɗan shekara sha bakwai, na ɗauko ƙaton bargon babana mai nauyi ina ta taƙama, sai 'yar tabarmar roba sharara wadda kana iya hango ƙasa ta cikinta. Aka ba mu aji ɗaya mai siminti babu tagogi. Wajen ƙarfe uku na dare na farka haƙorana na kaɗawa, ga bargo har ka amma bayana da kwankwasona kamar an ɗora su kan ƙanƙara, na juya dama na juya hagu abu ya ƙi. Wani dattijo cikin kwamandojinmu, Allah ya jiƙansa, yana zagaye da tocila ya haska ni ya ce kai yaro tashi, bargon nan rabinsa ƙasa za ka sa. Na ce baba ai sanyi nake ji, ya ce to ai shi ya sa. Ya fita ya dawo da kwalin taliya guda biyu ya ɓare su ya shimfiɗa, ya ɗora tabarmar, ya ninka bargon biyu ya ce shiga tsakiya. Wallahi Malam Edita sai kiran assalatu na ji. Daga baya na fahimci hikimar, siminti da ƙasa suna zuƙe ɗumin jikin mutum ne kai tsaye tunda jiki na manne da su, ko bargo goma ka lulluɓa ta sama ba za su hana ba, shi kuwa kwali akwai iska a tsakanin ganyensa, iskar nan ita ke raba ka da ƙasar. Kakanninmu sun san haka tuntuni, shi ya sa mai kwana a gona lokacin kaka yake tara karan dawa ya kwanta a kai, Bafulatani a ruga ya ɗaga gadon kara daga ƙasa.

A 2008 a watan Disamba aka yi aikin, mutanenmu da yawa sun taho da tunanin Saudiyya ƙasar zafi ce shikenan. Aka sauke mu Muzdalifa cikin dare, kuma ga wanda bai sani ba can babu tanti babu rumfa, fili ne fetal sai fitilu da banɗakuna da duwatsu, kai ga sama ga ƙasa. Iska ta taso bayan tsakar dare, namiji kuma ba shi da komai a jiki sai harami ƙyalle biyu, ba hula ba safa ba riga. Na ga manyan mutane masu faɗa a ji a garinsu suna rawar ɗari suna tsintar ledar shara suna lulluɓa. Ni da wani abokin tafiyata muka je bayan wata motar da ke rabon ruwa da lemo muka roƙi kwalayen da suka zazzage, muka shimfiɗa muka ɗora darduma, muka ja ɗan bargo guda ɗaya da na saƙa a jaka tun daga gida matata na min dariya wai ina za ka da bargo a Makka. Muka yi barcinmu. Waɗanda suka je 2009 kuma ruwan sama ne ya tarbe su ranar 8 ga wata, ranar da aka yi ambaliyar nan ta Jidda.

A 2024 kuwa tsakiyar watan Yuni ne, shekarar da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya da bakinsu suka ce sama da mutum 1,300 sun rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izinin aikin, wato ba su da tanti ba su da bas. A wannan daren ƙasar ba zuƙe ɗumi take ba, amayo shi take. Kwaltar Muzdalifa ta sha rana tun safe, ƙarfe sha ɗaya na dare ka ɗora tafin hannu a kai ka ji kamar kaskon da aka sauke yanzu daga murhu. Bas ta sauke mu a bakin titi, mutane don gajiya kowa ya baza 'yar tabarmarsa a nan kan kwaltar saboda ta fi santsi ba tsakuwa, minti goma ba a yi ba aka fara tashi zaune ana fifita da kwalin magani. Maganin dai shi ne na 2008, a raba jiki da ƙasa, sannan a bar kwalta a ɗan taka zuwa inda yake turɓaya ko tsakuwa don ta fi saurin hucewa. Kuma a lura Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, cikin kusan shekara 33 yake zagaye rani da hunturu ya dawo, ma'ana nan da 'yan shekaru sanyin nan na 2008 zai dawo, alhali yawancin masu ba da labari yanzu zafi kawai suka sani.

To bari in faɗi yadda ake zaɓen wuri tunda shi ne rabin aikin. Kar a kwanta kusa da inda bas-bas ke tsayawa, direbobi ba sa kashe inji saboda esi, hayaƙin gas zai cika maka ƙirji ka tashi da ciwon kai, ballantana wanda zai raɓa jikin mota ko ƙarƙashinta wai neman duhu, direba ya tashi ja da baya cikin dare bai san da mutum ba. Kar a kwanta a kan hanyar da ta nufi banɗaki ko da ka ga wajen fayau babu kowa, dalilin da ya sa babu kowa kenan, za a kwana ana tsallake ka ana taka maka yatsu. Kar kuma a yi ƙasa da famfunan alwala, ruwa gangare yake bi, ƙarfe biyu za ka ji sanyi-sanyi a bayanka ka ɗauka rahama ce ashe haraminka ne ya jiƙe. Ka tsaya inda kana hango banɗakin amma warinsa da hayaniyarsa ba sa iso ka, ka riƙe lambar da ke jikin turken fitila ko wata alama don in ka je ka dawo ka gane mutanenka, domin da dare kowa fari ne kowa kwance yake, fili ɗaya kamar an shanya kaya. In wajen yana da ɗan tudu kai ya yi sama ƙafa ta yi ƙasa.

Sai share wajen. A nan ne nake dariya, domin tsakuwar da za ta hana ka barci ita ce dai kake nema. Ana buƙatar guda 49 ga mai fita ranar 12, ko 70 ga mai kaiwa 13, ƙanana kamar ƙwayar wake ko gurjiya. To maimakon ka tafi yawon tsinta can nesa ka dawo ka kwanta kan wasu, durƙusa a inda za ka shimfiɗa ka tsince na wajen ka zuba a robar ruwan da ka shanye, sauran ka share da gefen silifas. Sannan wata dabara ta 'yan kamfin, in ƙasar tana tonuwa ka ɗan kwarfe daidai inda kwankwasonka zai sauka, zurfin tafin hannu kawai, da wani ƙarami daidai kafaɗa. Mai kwanciya ta gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, a wuraren nan biyu nauyinsa yake taruwa, su ne ke sa ka farka kana jin kamar an doke ka da taɓarya. Filo kuma ba sai ka ɗauko ba, ƙaramar jakarka ce filonka, silifas a leda a tura ƙarƙashinta, don wanda ya bar takalminsa a gefe da asuba sai dai ya taka na wani ko ya taka ƙasa. A kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta, wannan ma sunna ce, kuma mu da muka kwana a makarantun ƙauye mun san amfaninta, na taɓa kakkaɓo kunama daga cikin bargo a wani kamfin.

Akwai abin da ya shafi maza su kaɗai wanda kunya ke hana a faɗa. Harami ba wando ba ne. Mutum ya saba a gida ya yi ɗai-ɗai ya wurga ƙafa gabas ya wurga yamma, to a nan in ba ka ɗaura na ƙasan da kyau ba, ka ninka shi sosai ka danne da bel, sai ka yi barci ka bar jama'a da kawar da kai. A koya wa mutane ɗaurin tun a gida, su kwana da shi ko dare ɗaya ne su ga yadda yake kwancewa. Haka rufe kai, Bahaushe in ya ji sanyi ko haske ya dame shi hannunsa da kansa yake jan mayafi har ka, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya haramin namiji a kansa da fuskarsa yake. Hukuncin wanda ya rufe cikin barci na malamai ne su za su yi bayani, ni dabarar kawai na sani, bargo ya tsaya a ƙirji a danne bakinsa a hammata, kuma ku yi alkawari da na kusa da kai duk wanda ya farka ya duba ɗan'uwansa. Fitilun Muzdalifa kuwa ba a kashe su har gari ya waye, haske kamar filin ƙwallo, sai dai ka juya musu baya. Sannan a riƙe man basilin marar ƙamshi, tafiya cikin zufa ba wando tana goge cinya har ta saluɓe, kuma wanda cinyarsa ke raɗaɗi ba shi ba barci.

Mu koma tantin Mina, wanda wai shi ne mai daɗin. Katifar da za a ba ka faɗinta da kaɗan ya fi na dardumar salla, an jera su manne da juna kamar buhuna a sito, kafaɗarka na gogar ta maƙwabcinka, kayanka kuma a ƙafarka ko a kanka. Wanda ya kinkimo babbar jaka ya cuci kansa ya cuci na kusa da shi, ƙaramar nan mai kilo 8 ma kar a cika ta. Da an shiga za ka ga ana rububin gindin esi, ni kuwa gudunsa nake. Ka shigo jiƙe da zufa ka kwanta iska mai sanyi na dukan ƙirjinka har asuba, gobe ka tashi da mura da maƙogwaro, shi ne mafarin tarin nan da alhazai ke dawowa da shi har a riƙa tsokana ana cewa tsaraba ce. Bakin ƙofa kuma zafi da shige da fice. Inda soket yake nan ne kasuwa, waya ashirin a reshe ɗaya kowa na zuwa duba tasa, gara ka sayi ɗan fawa banki ka huta. Tsakiya daga gefe ya fi. Amma tsofaffi da masu ciwon suga da masu yawan fitsari a bar musu kusa da ƙofa dan Allah, kar a sa dattijo ya tsallake mutum talatin cikin duhu sau uku a dare, samari su shige ciki.

Sai hayaniya, kuma a nan laifinmu ne ba na Larabawa ba. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa biyu, sha biyun dare a Mina ƙarfe goma ne a gida, daidai lokacin da iyali suka gama cin tuwo suka taru a tsakar gida a kira Alhaji a bidiyo. Sai ka ji mutum ya saki lasifika yana ihu, kuna ganina? ga tantin nan, a miƙa wa Hajiya babba, ina auta, an ba akuya dusa? Ya gama na kusa da shi ya ɗauka. Wani kuma ƙarfe ɗaya ne zai buɗe muhawarar siyasa ko ta farashin dala. A tantinmu na 2024 daren farko ba wanda ya runtsa, washegari wani malamin makaranta cikinmu ya miƙe bayan isha'i ya ce jama'a mu yi yarjejeniya, ƙarfe sha ɗaya a rage fitila, mai waya ya fita waje, mai karatu ya yi a zuci. Aka ɗan yi gunaguni amma aka bi, kuma kowa ya ga bambanci. Wannan abu ne da shugaban kowace tawaga zai iya yi ba ko sisi. Minshari kam ba shi da yarjejeniya, akwai wani bawan Allah da muka yi maƙwabtaka da shi in ya ja kamar ana tada injin niƙa, auduga na cusa a kunne na ce Allah ya ba mu lada gaba ɗaya.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Layin banɗaki a Mina da Muzdalifa yana da tsawo, kusa da lokacin salla sai ka yi rabin awa ko fiye a tsaye. To tsofaffinmu musamman mata sai su yanke shawara a ransu ba su gaya wa kowa ba, su daina shan ruwa don kar fitsari ya tashe su da dare. Matata da muka je tare a 2024 ta ce a tantinsu akwai wata baba da ta wuni a Arfa da ƙyar ta sha rabin roba, ana ba ta tana cewa ta ƙoshi, da dare a Muzdalifa ƙafafunta suka ɗaure kanta ya riƙa juyawa ta fara sambatu, sai da aka kira masu motar asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Allah ya sa da sauran kwana. Jikin da ya bushe ba ya ma iya barcin, jijiya ce za ta riƙa ɗaurewa, zuciya na bugawa. Abin da ya kamata a gaya musu shi ne a sha ruwa sosai tun safe har yamma, a riƙa jefa garin gishiri da sukarin nan na sacet a roba ɗaya, in dare ya yi a rage amma kar a daina, sannan a san lokacin zuwa banɗaki, bayan an gama cin abinci da kamar awa ɗaya ko can tsakar dare layin ya fi sauƙi, wanda ya jira sai an kusa kiran asuba ya haɗu da duniya. Shayi kuma da gahawa da ake ta rabawa kyauta a bar su daga la'asar. Goro dama an hana shiga da shi, masu ɓoyewa a cikin garin kunu ku ji da kanku.

Wuta ma a ja kunne. Tantunan da ake gani yanzu waɗanda ba sa kamawa da wuta an kafa su ne bayan gobarar 1997 da ta ci rayuka kusan 340 a Mina, lokacin tantunan yadi ne kuma mutane na girki a ciki, shi ya sa aka hana girki a tanti. Amma har yanzu sai ka ga an zaro 'yar hita daga ƙasan jaka za a dama kunu a jona ta a soket ɗin da waya ashirin ke kai. Mu ma nan gida a kamfin na sha faɗa da yara masu shigo da kaskon gawayi cikin aji su rufe ƙofa don jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari ba ya gani, barci kawai zai ɗauke mutum ya zarce.

Na san abin da wasu za su ce, na ma ji shi a wajen bitar da na ɗan taɓo maganar da wani da muke zaune benci ɗaya, ya ce Alhaji ai wahala aka je sha, lada gwargwadon wahala, wa ya je Muzdalifa don barci. Na ce masa Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam da ya iso Muzdalifa ya haɗa magariba da isha'i sannan ya kwanta har alfijir ya keto, kuma ya yi wa masu rauni izini su wuce Mina tun da dare. Wahalar da ke cikin aikin ta isa ba sai ka ƙaro da hannunka ba. Duba abin da ke jiran mutum ranar 10, daga tantunan 'yan Najeriya zuwa wajen jifa tafiya ce mai nisa a ƙafa, awa guda ko fiye zuwa kawai, cikin rana cikin turmutsutsu, ga aski, ga wanda zai wuce Makka ɗawafi da sa'ayi, shi sa'ayin kaɗai ya haura kilomita 3. Wanda ya yi dare biyu bai runtsa ba shi ne yake faɗuwa a hanya, shi ne yake ɓata ya kasa tuna lambar tantinsa, shi ne kuma za ka ji ya zagi ɗan'uwansa a layin abinci saboda cokali, alhali Alƙur'ani ya ce babu jayayya a Hajji. Na ga dattijo mai mutunci ya ɗaga hannu zai mari yaro a kan katifa, da ya yi barci ya tashi shi da kansa ya riƙa kuka yana neman gafara.

Don haka roƙona ga masu shirya bita a ko'ina suke, cikin makonnin nan da ake yi a ware ko rabin awa ne. Kar a yi shi da baki, a fito fili a kawo tabarma mai ɗan kauri irin mai naɗewa da kwali da ƙaramar jaka, a sa mutum ɗaya ya ɗaura harami ya share wuri ya shimfiɗa ya kwanta kowa na kallo, a yi dariya a tambaya. Mata a ware su da wata Hajiya da ta taɓa zuwa ta gaya musu nasu, irin yadin da ba ya riƙe zafi, atamfa mai laushi maimakon leshi da yadin roba, da yadda za su riƙa kwana kusa da juna su raka juna banɗaki. In da hali ma a sansanin alhazai kafin tashi a yi dare ɗaya a fili, ai dama ana kwana a can jiran jirgi. Tsofaffin alhazai da 'yan agaji muna nan birjik a kowace unguwa ba za mu karɓi ko kwabo ba. Kai ma Malam Edita in lokacin tashi ya matso ka sa wakilinka ya zagaya ya tambayi waɗanda suka je, za ka ji dabarun da suka fi nawa.

Ita dai gwaggo na riga na fara da ita. Shekaranjiya na kai mata tabarmar da na dawo da ita a 2024 da ɗan bargo marar nauyi, na sa jikokinta suka share mata tsakar gida ta kwana a waje da jakarta a matsayin filo. Da safe na je gaishe ta na tarar tana zaune tana murza kwankwaso, ta ce kai ɗan nan ashe ƙasa haka take da tauri, na ce gwaggo kin manta kwalin ne, ga shi can jingine da bango akuya na ci. Daren yau za mu sake.

Naku,
wani tsohon ɗan agaji mai sayen jaridarku duk mako.